Tabla ba kalangun Indiya ba ce: gyara da ƙarin bayani kan kayan kiɗan Indiya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi gyara a kan wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu rubutu kan waƙoƙin fim da masu hira a rediyo. Da zarar an zo batun kiɗan Indiya sai ka ji an ce tabla kalangun Indiya ce, sitar kuwa jitarsu ce, kuma wai duk amon nan yana cikin fiyano, maɓalli kawai za a danna. Tun wajen shekarun 1950 da 'yan kasuwa Labanawa suka fara kawo finafinan Indiya gidajen sinima na Arewa kunnuwanmu suka saba da wannan kiɗa, har masu bandiri a Kano suka ɗauki karinsa suka ɗora yabon Manzon Allah (SAW) a kai. Amma sanin kayan da ke fitar da amon bai kai sabon da muka yi da shi ba. Abin da ke sa kiɗan ya yi daɗi yana cikin wasu ƙananan sassa ne da ake yi da hannu, masu lalacewa, masu bukatar kulawa, kuma wanda ya sayo kayan bai san su ba, kuɗinsa zai tafi a banza kafin hunturu ya wuce.

Bari mu fara da tabla, tunda ita aka fi yi wa rashin adalci. Ganguna biyu ne, kowace da fuska ɗaya, ana girke su a ƙasa a kan gammo. Ta hannun dama, wadda ake kira dayan, itace ne guda ake fafewa, galibi shisham ko tik ko darbejiya. Tsawonta kamar santimita 25, faɗin fuskarta inci 5 zuwa 6, kuma ba a fafe ta har ƙasa, ana barin gindin da nauyi don kada ta yi rawa a ƙarƙashin hannu. Ta hagu, wadda ake kira bayan, tukunya ce ta jan ƙarfe ko tagulla, a da ma har da yumɓu ake yi, faɗin fuskarta inci 9 zuwa 10. Mai kyau takan yi kilo 2 da rabi zuwa 4. Wadda aka yi da alminiyom ba ta da nauyi, ba ta da tsada, amma amonta gajere ne, da ka buga ya mutu.

Fuskar gangar, wadda suke kira pudi, fatar akuya ce, amma ba falle ɗaya ba. Akwai babbar fata da ta rufe bakin duka. A samanta an ɗora wata da aka yanke tsakiyarta aka bar zobe a gefe, shi ne kinar. Filin da ke tsakanin zoben da baƙin tabon tsakiya shi ne maidan. An kitse gefen fatun duka da igiyar ƙirgi ya zama kauri kamar kitso, shi ne gajra, kuma ta cikinsa ne doguwar tsirkiya ta fatar ɓauna ko ta raƙumi take ratsawa sau 16, tana sauka gindin gangar tana dawowa. A jikin dayan an cusa guntayen katako 8 masu siffar gwangwani tsakanin tsirkiya da itace, su ne gatta.

Baƙin tabon nan na tsakiya, siyahi, shi ne duk sirrin. Mutane da yawa sun ɗauka roba ce ko fenti. Garin ƙarfe ne mai laushi da kunkunniya, a kwaɓa da ƙullun shinkafa ko na alkama da aka dafa ya yi danƙo. Mai haɗawa zai shafa siririn shafi ɗaya, ya bari ya sha iska, sannan ya goge shi da dutse mai santsi har ya yi zafi ya tsattsage ƙanana ƙanana. Sai ya ƙara wani shafin, da'irarsa ta ɗan fi ta farko ƙanƙanta, ya sake gogewa. Haka zai yi ta yi har tabon ya yi tudu a tsakiya ya sirance a gefe. Idan ka kai ido kusa za ka ga saman nasa cike da tsaga sirara kamar busasshen tabki a watan bazara. Wannan tsagar ba aibi ba ce. Ita ce ke barin tabon ya lanƙwasa tare da fata duk da nauyinsa. Da a ce dunƙule yake guda, da fatar ta ƙage, sai dai ka ji "ƙwas".

Amfanin nauyin kuwa masanin kimiyyar nan C. V. Raman, wanda ya samu kyautar Nobel a 1930, ya yi bayaninsa tun 1920. Fatar ganga da ba a ɗora wa komai ba tana fitar da sautuka da yawa waɗanda ba su jitu da juna, shi ya sa kunne ke jin dum kawai. Nauyin da aka tsara a tsakiya yana jera sautukan su hau kan juna daidai, kamar na tsirkiya, sai gangar ta yi murya tsayayya da za a iya saitawa da muryar mawaƙi. Makaɗan kotso da taushi na gidajen sarautarmu ba za su yi mamakin wannan ba, domin su ma suna liƙa danƙo a tsakiyar fata don gyara amo. Bambancin shi ne nasu ana iya ƙarawa a rage a ranar kiɗa, na tabla kuwa ya zauna ke nan har fatar ta mutu. A kan gangar hagu ba a tsakiya ake sa tabon ba, ana karkatar da shi gefe guda, don a bar wa gindin tafin hannu wurin zama.

A nan ne kawai tabla ta yi kama da kalangu, kuma kamar ba ta da yawa. Mai kalangu yana matse tsirkiya a hammata, fatun biyu su ɗaure, murya ta hau, ya saki ta sauka, yana bugu da makaɗi. Mai tabla ba ya taɓa tsirkiya yana cikin kiɗa, kuma ba ya riƙe sanda. Dayan murya ɗaya aka ɗaure ta a kai, ba ta canzawa. Bayan ce ke hawa da sauka, ta hanyar danna fata da gindin tafin hannun hagu ana turawa gaba, yatsu biyu suna bugu. Wannan gunjin mai lanƙwasa da ake ji a ƙarƙashin waƙoƙin soyayya daga nan yake fitowa, kuma shi ne abin da fiyano ya kasa, domin an naɗi bugu ɗaya ne yake ta maimaitawa.

Kowane bugu yana da sunan da ake furtawa da baki kafin a koya wa hannu. Na, ko Ta, shi ne ɗan ali ya bugi zoben gefe, yatsan zobe yana kwance a bakin siyahi. Tin a kan maidan ake yin sa. Ge buɗaɗɗen bugun hagu ne, Ke kuwa tafin hagu ne a shimfiɗe, ba ya ƙara. Na da Ge a tare su ne Dha, Tin da Ge su ne Dhin. Daga nan ake gina zagayen kiɗa, wato tal. Tintal bugu 16 ne, kashi huɗu: Dha Dhin Dhin Dha, Dha Dhin Dhin Dha, Dha Tin Tin Ta, Ta Dhin Dhin Dha. A bugu na 9 ake shiga sashen da suke kira fanko, inda hannun hagu yake ɗauke nauyinsa, mawaƙi ya gane an yi rabi, ya shirya dawowa bugu na farko. Yawancin waƙoƙin fim ba su kai nan ba, kaharwa mai bugu 8 da dadra mai bugu 6 suke bi, sau da yawa ma da dolak ake kaɗa su, wata ganga mai fuska biyu da ake kwantarwa a cinya. Wanda yake son jin iyakar abin da tabla za ta iya, ya nemi kiɗan Alla Rakha ko na ɗansa Zakir Hussain da ya rasu a watan Disamba na 2024. Labarin da ake yawan bayarwa cewa mawaƙi Amir Khusrau ne ya raba wata ganga gida biyu ya ƙirƙiro ta a ƙarni na 13 almara ce, shaidun da ke hannu sun nuna a ƙarni na 18 ta bayyana.

To yaya ake saita ta? Da farko a sani cewa faɗin fuska shi ne ke yanke muryar da ganga za ta iya kaiwa. Mai inci 5 da rabi tana zama a wajen C#, wato baƙin maɓalli na farko a jerin fiyano, mai inci 5 da kwata tana wajen D, kuma kowace ba ta wuce hawa ko sauka kaɗan daga nan. Wanda ya tilasta wa babbar ganga ta hau muryar ƙarama, fatar zai fasa. Ana aiki da 'yar guduma ta tagulla. Idan nisa ya yi yawa, gatta ake bugawa: a tura su ƙasa tsirkiya ta ɗaure murya ta hau, a tura su sama ta sauka, kuma duka 8 su tsaya a layi ɗaya. Idan saura kaɗan, sai a koma kan kitson gefe. Bugu daga sama yana ɗaga murya, bugu daga ƙasa yana sauke ta. A buga Na a wuri ɗaya a saurara, a gyara, sannan a juya gangar a gyara wurin da ke fuskantarsa, a bi haka har a zagaye. Alamar an gama ita ce duk inda ka buga murya ɗaya ce kuma tana daɗewa. Idan kana jin amon yana rawa, gefe ɗaya ya fi ɗaya ɗauri. Gudumar kada ta taɓa fata ko bakin itacen, nan take take yanka ta. Tsirkiya tana miƙewa da daɗewa, shi ya sa ake fara sa kowane gatta a ƙarƙashin igiya ɗaya, in ta saki a ɗaga ta biyu da wutsiyar guduma a ɗora, har zuwa huɗu. In huɗu sun kasa, sai a zare gatta duka a ja tsirkiyar daga farko.

Yanayinmu shi ne babban abokin gabarta. Da hunturu danshin iska a Kano ko Maradi yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, fata ta bushe ta ja jikinta, murya ta hau da kanta cikin dare, wani lokaci a wayi gari ta tsage daga gefen siyahi. Maganin shi ne a sassauta gatta bayan an gama kiɗa, a rufe fuskar da matashinta na auduga, a ajiye nesa da taga da rana. Da damina kuma akasin haka ne, fata ta sha danshi ta saki, amo ya dushe. Kada a kanga ta a wuta. Ruwa ko gumi a kan siyahi yana narkar da ƙullun, don haka ake barbaɗa hoda kaɗan a yatsu, kaɗan fa, domin in ta yi yawa tana cike tsagar nan ta toshe amo. Mai ko man shafawa ba ya zuwa kusa da ita. Idan aka fara jin zizar da ba a saba ba, galibi ƙwayar siyahi ɗaya ce ta saki, kuma in ƙwayoyin suka fara zubewa babu gyara, sai sabuwar fuska. Saboda haka mai saye ya haɗo da fuska ɗaya ko biyu na ajiya, ya auna bakin itacensa daidai, don bambancin kwatan inci ya isa ya hana ta zama.

Sitar kuwa kiranta jita kuskure ne tun daga jiki. Cikinta duma ne na gaske, aka yanke aka rufe da faifan katako, wuyanta dogo ne mai rami a ciki, na itacen tun ko tik, tsawonta duka kamar mita 1 da santimita 20. Garin Miraj a jihar Maharashtra da birnin Kolkata sun yi suna wajen ƙera ta. Tsirkiyoyin sama 6 ne ko 7: a cikin manyan makaɗanta, Ravi Shankar mai 7 ya riƙe, Vilayat Khan mai 6. A ƙarƙashinsu akwai wasu sirara 11 zuwa 13 da ba a kaɗawa, ana saita su ne da sautukan waƙar da za a yi, duk lokacin da aka taɓa sauti a sama sai 'yar'uwarsa ta ƙasa ta amsa da kanta. Matakan wuyan, kusan 19 ko 20, ƙarfe ne lanƙwasasshe da aka ɗaure da zare, ana iya matsar da su gaba ko baya gwargwadon waƙa. Kusan duk waƙar a kan tsirkiya ɗaya ake yin ta, ana kaɗawa da wata waya da ake sa wa a ɗan alin dama. Yatsun hagu suna jan tsirkiyar gefe a kan mataki ɗaya, murya ta zame sama har sautuka huɗu ko biyar ba tare da yankewa ba. Wannan zamiyar ita ce mind, kuma ita ce ke kwaikwayon maƙogwaron mawaƙi. Tana yanka yatsa har sai ya yi kanta mai tsaga, shi ya sa makaɗa ke ajiye auduga jiƙe da man kwakwa kusa da su suna dangwala.

Zizar nan mai daɗi da kowa ke gane sitar da ita daga jakinta take fitowa. Jakin garaya ko na goge siriri ne, tsirkiya ta hau ta sauka. Na sitar faffaɗa ne, na ƙahon barewa ko ƙashin raƙumi, yanzu har da na roba mai tauri, an goge samansa ya yi ɗan gangare da ido ba ya gani sosai. Tsirkiya tana kaɗawa tana shafar gangaren tana rabuwa da shi, sai sautuka sirara su yi ta tashi. Gyaran wannan gangare shi ake kira jawari. Da yawan kiɗa tsirkiyar ƙarfe tana cin ƙahon ta yi masa kwari, amo ya toshe ko ya koma ƙara marar daɗi, sai gwani ya cire jakin ya bi shi da magagari da samfefa mai laushi, yana mayarwa yana saurara. Gugar da ta wuce ƙa'ida sau biyu ko uku ta isa ta kashe jakin. Shawarata ga wanda ba shi da gwani a kusa ita ce ya sayi na roba, ya fi jure ci, ko da masana za su ce amonsa bai kai na ƙaho ba. Turakun ɗaure tsirkiya kuwa katako ne a cikin ramin katako, babu dunƙulen ƙarfe, da rani suna tsukewa su riƙa sulɓewa. A zare a goga musu alli a mayar, kada a sa mai. Duma kuma ba ya son karo ko zafin but ɗin mota, kuma kafin tafiya mai nisa a sassauta tsirkiyoyi.

Akwai wata da ake gani a bayan mawaƙi a tsaye, mutane suna ɗauka ita ma sitar ce. Tanpura ke nan, ba ta da matakai, ba ta yin waƙa. Tsirkiya 4 gare ta, ana shafa su ɗaya bayan ɗaya ba tsayawa, su riƙe wa mawaƙi muryar tushe. A ƙarƙashin kowace tsirkiya, a kan jaki, ana cusa ɗan zaren auduga a ja shi a hankali har a kai wurin da amo zai buɗe farat ɗaya. Kauce wa wurin da faɗin gashi, amon ya rufe.

Sarangi ita ce ta fi kusa da goge: baka ake ja mata, fuskarta fatar akuya. Sai dai an sassaƙa ta daga itace guda, tana da tsirkiyar hanji 3 da masu amsawa sama da 30, kuma ba a danna tsirkiya da tsokar yatsa, da gindin farce ake turawa daga gefe. Wahalar saita ta na cikin dalilan da suka sa harmoniya ta ƙwace mata wuri a bayan mawaƙa.

Ita harmoniya ba 'yar asalin Indiya ba ce. A Faransa Alexandre Debain ya yi mata rajista a 1842, Turawa suka kai ta, sannan masu ƙira a Kolkata suka mayar da zugazuginta na ƙafa ya koma na hannu don a iya kaɗa ta a zaune a ƙasa. Gidan rediyon gwamnatin Indiya ya hana sa ta daga 1940 har zuwa 1971, hujjarsu ita ce sautukanta a ƙage suke, ba ta iya zamiyar mind. A ganina suna da gaskiya, amma jama'a ba su saurare su ba. A cikinta harsunan tagulla ne sirara, kowane da sautinsa. Ƙurar hunturu tana maƙale wa ƙananan, maɓalli ya yi shiru ko ya yi ƙugi, sai a buɗe a zura siririyar takarda a ƙarƙashin harshen a share. Kankare ƙarshen harshe yana ɗaga sauti, kankare gindinsa yana sauke shi, amma abin da aka kankare ba ya dawowa. Don gane ko tana yoyon iska, a rufe dukkan mabuɗan gaba a zuga: in zugazugin ya ci gaba da tafiya babu turjiya, fata ta huje ko katako ya tsage.

Na busa guda biyu ne suka fi shiga kunnenmu. Bansuri sarewar gora ce da ake busawa a karkace, ramukan yatsa 6 ko 7, kuma Pannalal Ghosh ne ya ƙara mata girma ya shigar da ita dandalin manyan makaɗa. Babbar takan kai inci 30. Muryar tushe tana fitowa ne in an rufe ramuka uku na sama, sautukan tsakani kuma da buɗe rabin rami ake samunsu, abin da ke cin shekaru kafin hannu ya faɗa. Zaren da ake naɗe ta da shi ba ado kaɗai ba ne, shi ke hana tsaga tafiya. Busa numfashi mai ɗumi da ƙarfi cikin gora mai sanyi da sassafen hunturu yana fasa ta, a fara ɗumama ta a hannu.

Shahnai kuwa, a nan masu cewa algaitar Indiya ce ba su yi nisa da gaskiya ba, dangi ɗaya ne. Jikin katako mai faɗaɗa zuwa ƙasa, bakin ƙarfe, da ɗan kara mai harshe biyu da ake jiƙawa a ruwa kafin busa, in ba haka ba ya ƙi magana ko ya tsage. Makaɗa kan rataya wasu karan na ajiya a jikinta tare da 'yar allurar buɗe su. Mai algaita yana cusa karan duka cikin baki, leɓɓansa su tokare da faifai, kumatu su cika, amo ya fito da ƙarfi a tsaye, abin da ya dace da hawan sarki a fili. Mai shahnai yana riƙe karan da leɓɓa yana matsawa yana sassautawa, da haka yake rage ƙara ya lanƙwasa sauti. Bismillah Khan na Banaras, wanda ya busa ta a Jan Ganuwa ta Delhi lokacin bikin samun 'yancin kan Indiya a watan Agusta na 1947, shi ya fitar da ita daga gidajen biki zuwa zauren sauraro.

Ga masu situdiyo da ke son wannan amo a waƙoƙinsu, in kuɗi bai kai a sayi komai ba, a fara da tabla da tanpura ta na'ura ko ta manhajar waya, wadda ko a Indiya ɗalibai da ita suke atisaye. A tambayi mawaƙi muryar da yake zama a kai kafin a yi odar dayan, a nemi mai sayarwa ya turo sautin bugun Na da Tun, wato buɗaɗɗen bugun tsakiyar dayan, na ainihin gangar da zai aiko, kuma a sa makirufo biyu wajen naɗa, ɗaya ga kowace ganga, kamar taƙi guda daga fata.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum, daga Zariya.